Inji Mai Lamba Bakwai

A Sharaɗa, bayan gidan man nan da ya daina sayar da mai,
akwai injin da ke haihuwar buta,
shuɗiya, koriya, wata mai ratsin ja.
Nawa ne daga shida na safe zuwa shida na yamma.
Da dare kuwa na wani ne.

Wata bakwai ban san sunansa ba.
Na dai san yana barin tsumma a jiƙe,
yana ɗaure noti na hagu kamar mai gaba da shi,
ga ɓawon gyaɗa ƙarƙashin benci.
Ina shiga, yana fita,
ido ja, kafaɗa a sauke,
sannu ɗaya tak, ita ma a taune.

Ranar wata Talata raina ya ɓaci,
na ɗauki alli na rubuta a ƙirjin injin:
"Mai dare, nan ba ɗakinka ba ne."
Ladidi mai ƙirga kaya ta karanta,
ta gyara mayafi, ta ce,
"Lawwali, ka taɓa tambayarsa?"
Na ce, me zan tambaya? Ga shaida a ƙasa.

Washegari rubutuna na nan, ba a goge ba.
Ƙarƙashinsa ƙananan baƙaƙe a karkace:
"Notin hagu ya cinye.
In ban matse shi ba,
narkakkiyar roba za ta feso maka a hannu.
Na gaya wa oga sau uku.
Tsumman don ka kama ƙarfen ne, yana zafi da safe.
Gyaɗar, ka yi haƙuri, ita ke hana ni gyangyaɗi.
Istifanus."

Na daɗe ina kallon hannuwana.
Goma cif, ba tabo,
ashe wani ne ke gadinsu ina barci.

Kunya ba ta da ƙofar fita.
Na goge nawa da bakin rigata,
na bar nasa ya kwana biyu.

Ran Alhamis na yi sammako,
na tsaya wurin Tabawa na sayi ƙosai na ɗari uku.
Muka zauna a kan buhun roba,
minti goma sha biyar da ba na dare ba, ba na rana ba.
Ban iya cewa yafe mini ba,
sai na ce, ci da yaji.
Ya gane.

Mu biyu muka hau ofishin oga.
Abin da baki ɗaya ya roƙa sau uku,
baki biyu suka karɓo kafin Asabar.

Yanzu na san 'yarsa mai sikila,
na san daren da ake kwana da ita a asibiti,
ranar nakan ce, tafi, zan riƙe.
Da matata ta haihu, ya yi awa goma sha takwas a tsaye,
ya zo suna da sabulu da barci a ido.

Kada ka ce mun zama waliyyai.
Har gobe muna musu a kan ƙwallo,
ya ci mini bashin dubu biyu tun kafin azumi,
ɓawon gyaɗa kuma bai daina ba.
Na dai sayo tsintsiya.

Da yamma motoci kan kwashi butocin
zuwa Singa, zuwa Kurmi, zuwa ƙauyukan da ban taɓa takawa ba.
Wani zai tsuguna bakin masallaci ya yi alwala,
wata ta wanke wa ɗanta fuska.
Ka ɗaga butar, ka juya gindinta, ka duba:
lamba bakwai kawai za ka gani.
Ba a rubuta wace ce ta dare ba,
ba a rubuta wace ce tawa ba.